Malam Luka da Matan da Ba Sa Aikin Komai

Idan ladanin unguwarsu ya kira asuba, Malam Luka ba sallar zai yi ba, amma kusan kullum yana riga masu sallar tashi. Ba ya zabura. Sai ya mirgina gefe guda, ya sauko da ƙafafu, ya dafa katifa ya miƙe a hankali, ya yi addu'arsa, sannan ya je ya manna bayansa a jikin ƙofar ɗaki, ya ɗora littafi a ka, ya ja layi da fensir. In ya dawo daga aiki da yamma ya sake. Layin safe kullum yana sama da na yamma da kusan faɗin yatsa, kuma kullum sai ya tsaya ya dube shi da murna, ka ce yau ya fara gani. Matarsa Martina ta yi wa ƙofar nan fenti sau uku, daga baya ta haƙura ta bar masa.

Duk wanda tsautsayi ya sa ya tambaye shi dalilin layukan, to ya nemi wurin zama. Zai gaya maka cewa tsakanin kowane ƙashi biyu na gadon baya akwai wani abu mai taushi da ke hana su gogar juna, shi gammo yake ce masa. Wajen gammon zare-zare ne a nannaɗe, cikinsa kuma taushi ne mai ruwa. Nauyin da mutum ya yini yana ɗauka shi ke matse ruwan, sai ya kwanta gammon ya sake sha ya cika, shi ya sa kowa ya fi tsawo da safe. In matsar ta yi yawa, zaren ya tsage, na ciki ya turo ya danne jijiya, a nan ne za ka ji babban mutum yana kiran uwarsa. Wannan gammo shi ne abin da Malam Luka ya ƙarar da rabin rayuwarsa a kai.

A takardar aiki sunansa Luke, amma tun da ya sauka a Birnin Kudu daga kudancin Kaduna, shekara talatin da biyu da suka wuce, Luka muka san shi. Gyaran na'urorin asibiti aka ɗauke shi yi. Ba likita ba ne, kuma ya gaji da faɗin haka, don a wurin mutanenmu duk wanda ya fito daga ƙofar asibiti da biro a aljihu likita ne. A watan jiya ya ajiye aiki. Ba a sa sunansa a jikin wani gini ba, ba a kira shi gidan rediyo ba, shi ya sa na ga bai kamata ya tafi shiru ba.

Hanyarsa ta zuwa aiki ta bakin kasuwa take bi, kuma 'yan dako sun san ƙarar tsohon babur ɗinsa. Da sun ji ta, mai buhu a hannu sai ya ajiye ya hau gyaran hula, don in Luka ya kama ka ka sunkuya ka ɗaga kaya da ƙugu, sai ya kafe babur ya sa ka durƙusa ka ɗaga da gwiwa sau uku a gaban abokan aikinka. Akwai ƙaramin sikeli mai ƙugiya da ba ya rabuwa da shi. Ya auna buhun riɗi, ya auna garma, ya auna jarkar mai ruwa. An ce ya taɓa neman auna akuyar wani a tasha, mai akuyar ya ce sai dai in saya zai yi.

Ainihin aikin da nake masa jinjina a kai, a wani ɗan ɗaki yake yin sa bayan sashen gashin ƙashi, in ya gama da na'urorin da suka lalace. Wani baƙon likita ne ya fara nuna masa hanyar, sauran ya koya da kansa a intanet da naci. Zai karɓi hoton bayan majiyyaci, irin wanda ake zuwa Kano a ɗauko, ya zana gammon mutumin a kwamfuta daidai girmansa, ya datsa zanen gida-gida ƙanana har dubbai, ya gaya wa kowane gida irin taurinsa. Sannan ya ɗora masa nauyin da mutumin ke ɗauka a yini, ya zauna jira, kwamfutar tana huci. Inda gammo ya samu sauƙi sai ya fito shuɗi, inda ya sha matsa sai ya yi ja. Amfanin abin shi ne, ba sai an gwada a jikin mutum ba: a cire masa wannan kaya a kwamfuta, a ga ko jan zai huce.

To ina zai san taurin gammo? Wurin mahauta. Kowace ranar kasuwa zai je ya ce a ware masa gadon bayan rago, ba ya son tsoka, ƙashin kawai. A gida ya haɗa jak ɗin mota da sikeli, yana matse gammon ragon yana rubuta yadda yake lotsawa. Mahautan sun ɗauki kusan shekara suna tausaya masa, ma'aikacin gwamnati guda amma sai ƙashi, har suka riƙa cusa masa hanta a leda ba tare da sun ce komai ba.

Ya san rago ba mutum ba ne, yana gyara lissafinsa da abin da masana suka auna a jikin mutane. Abin da bai iya gyarawa ba shi ne firij guda ɗaya da yake rabawa da Martina. Wata Lahadi bayan coci ta yi farfesu, ya ci kwano biyu yana sa mata albarka, sai da ya zo tsotsar ƙashi ya ga lamba bakwai a jiki da rubutunsa. Aikin sati uku ne ya tafi a tukunya. Ita kuwa ta ce duk abin da ya kwana a firij ɗinta ba tare da ya yi magana ba, nama ne.

Abin da ya dame shi tun farko shi ne, zane-zanen da ya samu a intanet duk na mutanen da ke zama a kujera ne, in sun yi wahala su ɗaga kwali. Babu mai huɗa da garma a ciki. Don haka ya bi manoma gona a Kangire yana ɗaukar hoton sunkuyonsu, ya hau bayan 'yan acaɓa a hanyar Gwaram yana ƙirga ramuka da ƙugunsa. A hankali zanensa ya fara faɗin gaskiya. A kawo ɗan dako, Luka ya ɗora wa zanen buhunansa, jan ya fito daidai inda hoton Kano ya nuna ɓarna. Likitoci suka fara leƙo shi kafin su yanke shawara. Malam Luka, kai ne ka sa manomin Kangire ya shiga kwamfuta da garmarsa, ba ka aro masa kujerar wani ba.

Amma ba don wannan na fi ganin girmansa ba. Na fi ganinsa a kan wani kuskure da ya tafka, wanda ya kusa cin ƙafar wata baiwar Allah.

Shekara uku ke nan aka kawo wata mata daga Maruta, sunanta A'i, uwar yara shida. Ciwo ya tashi daga ƙugunta ya bi ƙafar hagu har tafin, tana jan ƙafar, kuma ta fi shekara tana sallah a zaune. Hoton Kano ya nuna gammo na ƙasa ya turo ya taɓa jijiya. Likita ya gaya wa Luka cewa yana son gwada magani da gashin ƙashi kafin a yi maganar wuƙa, amma dole a san abin da ke danne ta a cire, don in aka ci gaba a haka ƙafar na iya mutuwa. Mijinta ne ya kawo ta, Ƙasimu, manomin riɗi, ƙato mai fara'a, wanda a garinsu aka san shi da ɗaukar buhu ba tare da an ɗora masa ba.

Luka ya ɗauko fom ɗinsa, ya zo kan layin sana'a ya tambaye ta. A'i ta sunkuyar da kai ta ce ita ba ta komai, a gida take. Ƙasimu ya gyara zama.

"Likita, ni a gidana mace ba ta aiki," in ji shi. "Ba gona, ba kasuwa. Ci da sha da sutura duk ni ne."

Ba ƙarya ya yi ba a ganinsa, abin alfaharinsa ya faɗa, kuma da A'i ta ce tana aiki da ta ci fuskar mijinta a gaban baƙo. Luka ya rubuta sifili a gurbin kaya, ya ɗora wa zanen nauyin jikinta kawai, irin na mai zama a tabarma. Kwamfuta ta yi hucinta ta gama, gammon ya fito shuɗi tas. Ƙasimu, wanda ya leƙo ta kafaɗarsa, ya tambayi ma'anar shuɗin. Luka ya gaya masa gaskiyar abin da ke gabansa, cewa shuɗi yana nufin babu abin da ke matsa wurin. Yana shirin ƙarawa cewa shi kansa bai gamsu ba, Ƙasimu ya riga ya miƙe yana godiya.

Abin nema ya samu. Kafin sati ya zagayo, duk Maruta ta ji cewa an saka A'i a na'ura, na'ura ta ce lafiyarta ƙalau. Dangin miji suka ce dama sun faɗa, son jiki ne, mace har sallah sai a zaune. A'i ta daina cewa wayyo, ta ci gaba da hidimarta tana jan ƙafa. Ranar da aka ba ta ta dawo asibiti ta zo ta wuce, ba ta zo ba. Wani ɗan acaɓa ɗan garinsu ne ya kawo wa Luka labarin, yana ma yaba masa cewa na'urarsa ta tona asiri.

Hankalin Luka ya tashi, don ya ga hoton da idonsa, kuma ruwa ba ya tsami banza. Ya buɗe wata jaka a kwamfutarsa da ya daɗe yana jin kunyar buɗewa, inda yake tara waɗanda zanensu ya ƙi yin daidai da hotonsu. Mutum arba'in da uku ne a ciki, kuma duk mata. Mai karatu ya riga ya gano matsalar, na sani. Malam Luka, da duk iliminsa, cewa ya yi lallai gammon mace daban yake da na namiji, shi kuwa duk shekarun nan raguna yake matsewa. Ya koma wurin mahauta ya ce daga yau bayan tunkiya yake so. Sati biyu yana matse tumaki, lissafi bai motsa ba.

Wata Asabar da la'asar yana zaune a kujera, kwamfuta a cinya, yana ta mita shi kaɗai. Martina ta zo da tsintsiya, ya ɗage ƙafafu ba tare da ya dube ta ba, ta share ta wuce. Ta dawo da jarkar ruwa tana nishi, ya ɗan karkata don ta samu hanya. Sai ta tsaya.

"Baban Charity, ita wannan A'in da ka hana mu sakat a kanta, nauyin me ka ɗora mata?"

Ya ce babu, ai ba ta aiki, a gida take.

"Ni fa? In aka kai ni asibitinku, me za ka rubuta?"

Allah sarki, mutumin nan gaskiya ce ke kashe shi. Ya yi tunani tsakani da Allah, ya ce tunda ta bar koyarwa, ita ma ai a gida take. Martina ba ta ɗaga murya ba. Ta zare sikelinsa daga jaka, ta rataya jarkar, ta juyo masa da fuskar sikelin: kilo ashirin da biyar. Ta shiga ta fito da bokitin jiƙaƙƙen wanki ta rataya. Ta kawo tukunyar tuwo, ta kawo buhun gawayi, ta kawo katifar da take fitarwa shanya, ta jere su a gabansa kamar ana nuna kayan lefe, kowanne tana faɗa masa sau nawa take ɗaga shi a yini. Da ta gama ta ce tunda ba ta aiki, za ta ci gaba da rashin aikin. Kwana biyu Luka yana shayi da burodi a bakin titi. Ya ce a duk karatun da ya yi, babu darasin da ya shige shi kamar wannan.

A rana ta uku ya ba ta haƙuri, ya kuma roƙe ta alfarma, domin shi namiji ne, gidan Ƙasimu kuma ba a shiga. Suka hau mota zuwa Gwaram, daga nan acaɓa biyu zuwa Maruta, suka isa da hantsi. Ƙasimu ya tarbe su da murna, ya shimfiɗa wa Luka tabarma a zaure, Martina ta yi sallama ta shige da sikeli. Ta tarar da A'i a bakin rijiyar tsakar gida, ta sunkuya tana jan guga, ƙafar hagu a karkace, ga 'yarta Munawwara a goye. A'i ta saki fuska ta ce sannu da zuwa Mama, kin same ni ba na komai, ruwan shanu nake ɗan ja.

Martina ta karɓe gugan, ta auna shi a cike, ta tambaye ta guga nawa take ja a yini. A'i ta lissafa na shanun huɗa biyu, na awaki, na girki, na wanki, na wankan yara, abin ya haura arba'in. Aka auna taɓarya, aka auna tukunyar dusa, aka auna ƙunshin itace, aka rataya Munawwara a zane ta ba da kilo goma tana dariya. Martina ta kora A'i ɗaki ta ce ta kwanta, kuma in ta sake ta tashi za su ɓata. Sannan ta tsaya a bakin zaure tana karanto lambobi, Luka yana rubutawa. Kowace lamba ta fito, Ƙasimu sai ya yi murmushi ya ce ai wannan hidimar gida ce, ba aiki ba. Da Luka ya haɗa jimla ya ce, ban da daka da goyo, abin da A'i ke ɗagawa a yini ya kai buhun masara bakwai, Ƙasimu ya yi dariya har da buga cinya, ya ce sikelin ne ya sha rana.

Luka bai yi musu ba. Ya ce akwai abin da ya rage masa, sai ya ɗauki bidiyon yadda baya ke lanƙwasa a kowane aiki, ga shi mai aikin tana kwance, ga shanu ba su sha ruwa ba, ga hatsin tuwo ba a surfa ba. Ko za a samu wani mai ƙarfi ya yi, a ɗauka a madadinta? Ƙasimu ya miƙe ya tuɓe riga. Tunda A'i na ɗaki an saki labule, ya ce likita ya shigo tsakar gida ya ga yadda ake yi. Martina ta ce ai ba a haka matar gidan take yi ba, ta ɗauko zane da majanyi ta goya masa Munawwara.

Maƙwabtan da suka leƙo ta kan katanga su suka ba ni sauran labarin, kuma Ƙasimu da bakinsa bai musa ko ɗaya ba. Guga goma na farko da waƙa ya ja su. A na ashirin waƙar ta tsaya. A na talatin ya tambaya ko dole ne shanu su sha ruwa kullum. Aka kai shi turmi, wanda gajere ne ko ga A'i, ya hau surfe, hatsi na tsalle yana zuba, kaji na sa masa albarka, Munawwara ta kama kunnuwansa biyu ta riƙe. Ya tsaya ya ce ya gama, Martina ta duba ta ce ko dusa bai tayar ba. Daga nan shara da guntuwar tsintsiya, daga nan wanki a ƙasa, a sunkuye. A wankin ne, wajen riga ta shida, ya je miƙewa baya ya ce bai san zancen ba. Ya tsaya a lanƙwashe, hannu a gwiwa, gumi na ɗiga, yana roƙo ƙasa-ƙasa a sauke masa yarinyar, a kuma kashe bidiyon. Ko azahar ba a kira ba.

Aka kwantar da shi rub da ciki a zaure. Luka ya zauna kusa da kansa ya buɗe kwamfuta, ya goge sifilin nan, ya shigar da guga da taɓarya da goyo da sunkuyon da ya ɗauka. Batir ya rage kaɗan, na'ura na ta huci. Da zanen ya fito, gefen baya na hagu na gammon ya yi ja jawur, daidai wurin da hoton Kano ya nuna. Ƙasimu ya ɗaga kai da ƙyar ya duba, bai tambayi ma'anar launin ba.

Ana cikin haka ruwan zafi ya fito daga cikin gida a kwano, da tsumma, wai a gasa wa maigida baya. A'i ce ta saci jiki ta hura wuta ta dafa. Martina ta ce ranar ta rasa ko ta yi faɗa ko ta yi kuka.

Luka ya nemi izini ya je bakin labulen ya tsaya, ya cire hula.

"Malama A'i, ki yafe mini," in ji shi. "Ciwonki gaskiya ne. Na'ura abin da na ba ta shi ta faɗa, ni ne ban tambaye ki yadda ya kamata ba."

Can muryarta ta fito a hankali.

"Ba komai, Baba. Ni ma har na fara zaton ko ƙarya nake yi."

Wannan maganar ta fi komai yi wa Luka ciwo. Ya koma zaure ya ce wa Ƙasimu abu ɗaya yake nema a wurinsa: duk inda ya kai waccan magana, ya kai wannan. Ƙasimu, a yi masa adalci, bai noƙe ba. Ranar Juma'a bayan an sauko ya tsaya a majalisarsu, yana dafe da ƙugu, ya ce ya yi wa iyalinsa ƙazafi da bakinsa, kuma duk mai shakka ya zo ga guga ga rijiya. Babu wanda ya je.

Sauran aikin a kwamfuta Luka ya yi shi. Ya riƙa cire kayan A'i ɗaya bayan ɗaya yana duba wanne ne zai fi hucar da jan. Ba taɓarya ce babbar mai laifi ba, kamar yadda kowa ya zata. Jan guga a sunkuye ne, da wanki a ƙasa, musamman da goyo a baya. Ya koma Maruta da tsohon wilin keke, aka kafa shi a kan rijiya igiya na bi ta kai, mai ja yana tsaye a miƙe. Aka gina dakalin wanki daidai ƙugu, aka sa wa tsintsiya doguwar sanda, hatsi ya koma inji, shanu kuma suka koma hannun mai su. Likita ya ba da magani, ma'aikatan gashi suka koya mata motsa jiki, aka sa mata dokar kwanciya a miƙe bayan azahar. Ba a rana ɗaya aka warke ba, an yi wata takwas ana fama, wani satin gaba wani satin baya. Amma ba a kai ga wuƙa ba, ƙafar kuma ta tsira.

Bai tsaya a kan A'i ba. Matan nan arba'in da biyu da suka rage a jakarsa, ya bi adireshinsu ɗaya-ɗaya, Martina a gaba da sikeli. Wasu an same su, wasu sun ƙaura, biyu sai da aka yi musu aiki a Kano, ɗaya kuwa an makara, da sanda take tafiya, kuma Luka bai taɓa ɓoye cewa yana jin alhakinta a wuyansa ba. Ya soke layin sana'a a fom ɗinsa. Yanzu ma'aikaciya mace ce ke zama da majiyyaciya, miji yana waje, ta tambaye ta abin da ta ɗaga tun da gari ya waye, da abin da ta sunkuya ta yi. An ce amsar takan cika shafi ta juya baya.

Malam Luka, kai ne ka samu na'ura ta goya maka baya, mijin mara lafiya ya yi maka godiya, gari ya yaba maka, amma ka ƙi yarda, don ka ga mace tana jan ƙafa. Da wani ne, da ya ce kwamfuta ta faɗa, ya rufe fayil ya tafi cin abinci. Kai ne ka hau acaɓa da furfurarka ka je har ƙofar ɗaki ka ce kuskurenka ne. Mun ga masu ilimi da yawa a garin nan, waɗanda za su iya wannan ba su da yawa.

Ranar da aka yi masa walimar ajiye aiki, a inuwar bishiyar bayan sashensu, an yi jawabai, an ba shi agogon bango da atamfa ta Martina. Mahauta sun aiko da cinyar rago sukutum, suka ce a gaya masa wannan karon ya ci tsoka. Ana shirin tashi sai ga A'i ta shigo da ƙafafunta biyu, hannunta ba komai, Ƙasimu na biye da ita da kwandon kaji a ka da Munawwara a kafaɗa. Ta je gaban Luka ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce akwai abin da ba ta taɓa gaya masa ba.

"Baba, ranar da na fara kai goshina ƙasa bayan shekara biyu, na daɗe ban ɗago ba, har yara suka kira babansu, sun zaci bayan ne ya sake riƙewa. Ba bayan ba ne. Kai nake yi wa addu'a."

Mutumin da zai tsare ka awa guda a kan ƙashin rago, ranar kalma ɗaya ce ta ishe shi. Ya ce amin, ya sake cewa amin, Martina ta miƙa masa hankici.

Mun gode, Malam Luka. Allah ya ba ka hutu mai daɗi da baya lafiyayye, ya saka wa Maman Charity, wadda rabin wannan jinjina tata ce. Ku kuma matasan da kuka gaji kwamfutarsa, da duk mai cike fom a kan rayuwar wani, ku yi koyi da shi: in lissafi ya ce lafiya, mutum kuma yana cewa ciwo, ku tashi ku je ku gani. Sauranmu da ba mu iya zanen komai ba, namu mai sauƙi ne. In mun koma gida yau muka tarar da wadda ba ta aikin komai ta sunkuya za ta ɗaga bokiti, mu karɓa.